Naɗin Bahago: Tafiyata Galmi

Tun ranar da na dawo daga Galmi 'yan majalisar bakin shagona a Gawon Nama suka hana ni sakat. Wannan ya ce in ba shi labarin albasa, wancan ya ce wai gaskiya ne na ga injin da ke ƙera kaya babu mai taɓa shi. Malam Ladan tela kuwa cewa ya yi neman aure na je aka koro ni, shi ya sa na dawo baki a ɗinke. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu tsakanin gyaran fanka da sallar la'asar, kuma akwai wurin da in na zo a baki muryata ba ta wucewa. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ni Umaru, sana'ata naɗin koyil. In moton fanka ko na famfon ruwa ya ƙone, ni nake warware ƙonanniyar wayar in naɗa sabuwa. A wurin Baba muka koya, ni da ƙanena Haruna, bayan ya bar aikin lantarki a kamfanin siminti na Kalambaina ya buɗe shagon nan. Baba yana da hanyarsa. Duk zagaye goma sai ya ƙwanƙwasa tebur da filaya sau ɗaya don kada lissafi ya ɓace masa, in ya gama kuma ya ɗaure bakin wayar da zaren tela, ƙulli uku. Mu duka mun ɗauki wannan. Bambancin kawai, Haruna bahago ne, naɗinsa ta hagu yake zagayawa.

Baba bai taɓa damuwa ba. Ni ne na damu, bayan ya rasu shago ya dawo hannuna. Wata rana a gaban wata mata da ta kawo fankarta na ɗauki moton da Haruna ya yini yana naɗawa, na warware shi tas, na ce hannun da ake tsarki da shi ba zai yi aiki a shagon Baba ba. Babu abin da ya samu naɗin nan, girman kai ne kawai irin na sabon maigida. Haruna ya miƙe. Ya wanke hannu, ya tafi sallar azahar, bai dawo ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Inna, mahaifiyarmu, na ce mata neman kuɗi ya tafi. Idanunta sun tafi tun shekaru huɗu da suka wuce, amma duk Juma'a in na je gaishe ta a Minanata, kafin in gama zama sai ta tambaya ko an ji labari.

Ana nan sai wani mai fataucin albasa, Alhaji Mamman, ya kawo mini wani moto a cikin buhu, wai na famfon ban ruwa ne mai aiki da sola, ya sayo a Galmi ta ƙasar Nijar, ya fara tari. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gidansa ba ƙarfe ba ne, roba ce ruwan toka, an jera ta layi-layi siri-siri kamar ɗinkin faifai. Na buɗe shi ina dariya. Da na ga cikinsa dariyar ta tsaya. Naɗin ta hagu yake, bakin wayar an ɗaure shi da zaren tela, ƙulli uku. Na kai hanci, banish ɗin da ake shafa wa wayar ko gama bushewa da wari bai yi ba, aikin bai wuce wata biyu ba.

A nan na yi wautar da har yau take ci mini rai. Ban jira na tabbatar ba, na rufe shago na hau babur sai Minanata, na ce wa Inna Haruna yana da rai, na ga aikin hannunsa. Ta ce, “Ka tai ka taho min da shi. Ka ce mishi ni ban yi hushi ba.”

Ranar Litinin da safe na shiga motar Illela, moton a cikin jakata. Hanyar kun san ta, Kware, Gwadabawa, shinge bayan shinge, fasinja kowa ya yi tsit in an tsaya, a ci gaba da gardama in an wuce. Kusa da ni wata tsohuwa ce da kaji biyu, ɗaya ta sa wa jakata ido tun daga tasha har ta samu igiyar ta tsinke ta.

A kan iyaka moton ya kusa jawo mini kwana. Wani jandarma ya zaro shi, ya juya shi, ya kira na gaba da shi. Ban ga laifinsu ba, a wannan zamani abu mai waya da maganaɗisu a jakar baƙo dole a tambaya. Ina ta rantsuwa cewa na famfo ne, sai babban nasu ya karɓa, ya shafa gefensa da babban yatsa kamar mai neman wani abu, ya same shi, ya gyaɗa kai. Ya ce na Galmi ne, akwai irinsa a garkar surukinsa. Sai ya ɗago ya dube ni sosai, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ya miƙo mini jakata da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na yi ta mamakin wannan ladabi har Ƙonni.

A Ƙonni na karya da burodinsu dogo mai ɓawo, wanda sai ka yi da gaske kafin ka ga bayansa, da shayi a ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓi biyu ba. Na shanye zan tashi, mai shayin ya ce ina za ni, saura na biyu da na uku. Hausarmu ɗaya da su, kusan ma Sakkwatanci suke yi, sai dai wutar lantarki su kuran suke ce mata, faifan sola kuma fanno. Na samu motar gabas. Da muka wuce Malbaza na ga farar ƙurar siminti a kan itatuwa, sak Kalambaina, har na ji kamar Baba zai fito daga wata kwana da jakar kayan aikinsa.

Mun isa Galmi rana ta take. Garin warin albasa yake tun daga bakin hanya, ga rumbunan kara da suke adana ta jere a bayan gidaje. Na tsaya wurin wata mai fura in jiƙa maƙoshi. Tana damawa tana hira da maƙwabciyarta, ta ɗago za ta miƙo mini, sai ludayin ya suɓuce mata. Ta ja baya tana salati ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, amma ba ta ƙara haɗa ido da ni ba, kuma ta ƙi tsayawa in gama sha. Gaba kaɗan wani dattijo a kan amalanken jaki ya ɗaga mini hannu da fara'a, ya ce, “Bahago!” Sai fara'ar ta zube daga fuskarsa, ya buga jakin ya ƙara gaba yana waiwaye. Ni da Haruna muna kama, tun muna yara ake faɗi. Na ce wa raina ai shi ke nan, an san shi a garin. Amma ni ma na san ba haka ake duban ɗan'uwan mutumin da ke da rai ba.

Alhaji Mamman ya yi mini kwatancen shagon, bayan tsohuwar kasuwa, ƙofa shuɗiya. Su can da rana ta raba sai kowa ya rufe ya shige gida har la'asar, ba kamar mu da muke cin abinci da filaya a hannu ba. Titin babu kowa, ko akuya. Ƙofar a buɗe take rabi. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, na leƙa.

Ɗakin babu mutum. A kan tebur akwai wani akwati marar murfi, tsayinsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, wani ɗan kai a cikinsa yana kai da komo shi kaɗai, yana kuka siriri kamar sauro. Zaren roba yana shiga ta sama daga wani ƙullin da ke juyawa a hankali, yana fita ta ƙasa a narke, layi a kan layi. Na tsaya ina kallo, gidan moto yana tsirowa a gabana daga babu. Na san inji ne, ni ma aikin inji nake ci da shi, amma abu ya yi ta aiki da natsuwa haka a ɗakin da babu kowa, tsakar rana, tsigar jikina sai da ta tashi.

Sai na ji ƙwas daga bayan bango. Shiru. Can kuma ƙwas. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa a zuciya ba, ɗaya, biyu, har goma, ƙwas ya faɗo daidai kan goma. Filaya ce a kan tebur. Shekara ashirin ina jin wannan sauti a shagon Baba, kuma tun da Haruna ya tafi ni kaɗai na san ina yin sa a duniya. Na ratsa ɗakin, na ɗaga labulen buhu da ke ƙofar baya, bakina ya riga ya haɗa sunansa.

Mata uku ne a rumfa, zaune a kan benci, kowacce da zuciyar moto a gabanta, wato ɓangaren da ake naɗa wa waya, suna naɗi da hannun hagu. A ƙarshen bencin akwai kujera 'yar tsugunne, babu kowa a kai, an ajiye filaya a samanta. Babbar cikinsu ta ɗago ta gan ni. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye wayar a hankali, ta ce wa ta kusa da ita ta je ta tado Isufu.

Isufu shi ne mai shagon, mutum ne siriri mai gilashi, ya yi karatun zanen inji a Yamai. Yana shigowa ya dube ni ya ce, “Kai ne Umaru.” Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ruwa, ya jira na sha. Sannan ya faɗa mini Haruna ya rasu damina biyu da suka wuce, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba.

Na ce ba zai yiwu ba, na zaro moton daga jaka, na ce wannan naɗin bai yi wata biyu ba. Isufu ya nuna babbar matar, ya ce aikin Tsahara ne. Haruna ne ya koya musu, su ukun, matan manoman albasa ne. Babu bahaguwa ko ɗaya a cikinsu. Yadda suka ga yana yi haka suka ɗauka, hannun, da bugun filayar, da ƙulli ukun, sun zaci haka sana'ar take. Tsahara ta ce ita sai da ta yi wata uku hannunta na ciwo kafin ya saba, bai kuma taɓa ce musu ana iya yi da dama ba.

Isufu ya ba ni sauran labarin muna zaune. Shi yana da injin da kwamfuta, amma motocin da ya zana da farko zafi suke yi su narke. Haruna kuwa bai iya kwamfuta ba, bai kuma so ya koya. Sai ya ɗebo yumɓu a bakin rafi ya gina gidan moton da hannu, da hanyoyin iska yadda yake so, Isufu ya zagaye shi da wayar salula yana ɗaukar hoto ta kowane gefe, kwamfuta ta kwafe siffar yadda take. Ya karɓi moton hannuna, ya juya shi, ya nuna mini wani ɗan lotsi a gefe wanda na ɗauka kuskuren inji ne. Gurbin babban yatsa ne, da tsaga a tsakiyarsa. Fanka ce ta tsaga wa Haruna wannan yatsa yana ɗan shekara tara, ni na goya shi zuwa wurin mai ɗauri. Inda ya riƙe yumɓun yana ɗanye ne, injin kuma bai san abin da zai bari ba. Isufu ya ce ya so ya goge shi, manoma suka hana, da shi suke gane na gaske. Shi jandarman nan yake nema.

Na sa yatsana a gurbin, bai zauna ba, sai da na canza hannu. A ɗakin gaba injin yana ta kukansa, yana sake gina yatsan ƙanena a jikin wani sabo.

Bayan la'asar Isufu ya kai ni maƙabarta. Kabarin ba shi da wata alama sai fasasshen tulu. Na yi masa addu'a, na isar da saƙon Inna yadda ta faɗa, kalma ba ta canza ba. Nawa saƙon kuwa ban isar ba. A hanyar dawowa na tambayi Isufu ko Haruna ya taɓa faɗin abin da ya raba shi da gida. Ya ce a'a, abin da kawai yake cewa shi ne yana da wa a Sakkwato wanda ya fi shi iya naɗi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A gidan Isufu na kwana, aka ba ni dambun zogale da man gyaɗa da albasa fiye da dambun. Da safe na ce masa ba zan koma hannu biyu ba, ina so in haɗa moto ɗaya da kaina. Ya ba ni gidan moto sabon fita daga inji, yana da ɗumi kamar ƙwai. Sauran kayan duk tsince-tsince ne, boris na tsohon babur, maganaɗisu daga matattun lasifika, wayar jan ƙarfe daga ƙonannun fankoki, burushin da ke kai wa zuciyar wuta kuma gawayin cikin tsohon batir aka feƙe. Maganaɗisun kowanne yana da raminsa a jikin robar, yana shiga ya ce ƙas. Zuciyar tana da ƙafa shida, kowace ƙafa zagaye sittin.

Matan suka matsa mini a benci. Kujerar Haruna ba wanda ya ce in zauna a kai, ni ma ban nema ba. Na naɗa da hannun dama yadda na saba, cikin sauri, har da ɗan nuna gwaninta, in faɗi gaskiya. Tsahara tana kallona ta gefen ido. Kafin hantsi na gama, muka ɗora shi a famfo a bakin rijiyar bayan shago, aka haɗa da fanno. Ya tashi lafiya, sautinsa sumul, amma ruwa ko ɗigo. Baya yake juyawa. Komai na wannan moto, daga zaman maganaɗisu har bakin famfon, a kan naɗin bahago aka tsara shi.

Isufu ya ce abu ne mai sauƙi, a juya waya biyu kawai. Na sani, wannan ko almajirin sana'a na wata ɗaya ya sani. Na ce a'a. Na kwance shi, na koma benci, na warware naɗina tas a gabansu, zagaye ɗari uku da sittin, wayar na taruwa a ƙafata. Sannan na ce wa Tsahara ta nuna mini.

Ta ce, “Baba Umaru, hannun hauni wuya garai ga babba.” Hagu take nufi. Na ce ta dai nuna mini.

Ni da na shekara talatin ina naɗi, sai ga ni waya na kuɓuce mini, zagaye na hawa kan zagaye, mace na gyara mini riƙo. Sau biyu lissafi ya ɓace mini na sake daga farko. Rana ta raba, gari ya sake yin tsit, ba ka jin komai sai kukan injin a ɗakin gaba da filaya huɗu suna faɗuwa bi da bi. Wani lokaci sai in ji kamar biyar ne. Ban ɗaga kai na duba kujerar ba. Sai bayan la'asar na ɗaure ƙulli na uku, yatsuna duk sun yi jini. Aka haɗa, famfon ya yi tari sau biyu, ruwa ya fito.

Dawowa ba ta da labari. A kan iyaka wani jandarman ne daban, ya shafa gefen moton, ya bar ni na wuce. Daga Illela har Sakkwato ina ta haɗa maganar da zan faɗa wa Inna, ina rushewa. Ni ne fa na riga na ce mata yana da rai, da bakina.

Ban biya shago ba, na wuce Minanata. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ji takuna, ta saurara ko akwai na biyu. Na gaishe ta, na durƙusa, duk abin da na haɗa a mota ya gudu. Sai kawai na ɗora mata sabon moton da na haɗa a cinya. Ta shafa shi, ta bi layukan robar da yatsa, ta zagaya gefe, ta tsaya. Ta daɗe a wurin, yatsanta na bin tsagar sama da ƙasa.

Ta ce, “Yaushe?”

Na ce damina biyu. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani. Na faɗa mata komai, matan, da kujerar, da gonakin da ke shan ruwa da aikinsa. Na zo kan abin da ya kore shi, na fara kame-kame, ta ɗaga hannu. Ta ce tun ranar da abin ya faru matar nan mai fankar ta zo har gida ta faɗa mata, jira take in faɗa da kaina. Ta laluba ta ramin iska ta taɓa wayar.

“Wanga wa yan naɗa shi?”

“Ni na, Inna.”

“Da wane hannu?”

“Da na hagu.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce, “Ashe hannun shina aiki.”

Na sa wa moton fiffike na haɗa masa ƙaramin sola, yanzu shi ke yi mata fifita da rana. Ranar Juma'a in na je ba ta ƙara tambayata ko an ji labari. Nakan same ta ta kashe shi, ta ɗora a cinya, yatsanta a gurbin.

Wannan shi ne abin da na gano a Galmi. Malam Ladan, ka ga ba aure ba ne. Wanda kuma ya kawo fanka ya ga na daɗe a kanta fiye da da, ya yi haƙuri, hannun bai gama sabawa ba.